Kunnen Kirya Biyu Ne

Camberwell, Landan
9 ga Oktoba

Zuwa ga angona, Kaka Almu Masassaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Baffa Nuruddeen da iyalinsa da dukkan mutanen Rafin Kirya. Yaya ƙafa? Yaya ƙarshen damina? Ni lafiyata ƙalau, in ban da sanyi da kewa.

Na haƙura da kiranka a waya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallacin Regent's Park na tsaya a bakin titi ina ta ihu ina cewa Karimatu ce, kai kuma kana ta cewa a ba ka Karimatu. Turawa sai kallona suke. Daga yau rubutu zan riƙa yi in turo wa Baffa, shi kuma ya karanta maka ta kunnen dama, wanda bai gama tafiya hutu ba.

Kullum kana tambaya wai wane irin karatu ne ya kai ni bangon duniya. To, ka gyara zama ka yi dariya: laimar kwaɗi nake karantawa, irin wadda ke fitowa a jikin itace. Aikina shi ne in raba su dangi-dangi, in ce wannan ɗan gidan wane ne. Ina ƙirga 'yan hudojin da ke ƙarƙashinsu, in auna ƙurar irinsu a madubin da ke ƙara wa abu girma, in rubuta launi da kauri. Bayan haka akwai gwajin DNA, wato wani rubutu da Allah ya ajiye a cikin kowace halitta, wanda na'ura ke karantawa harafi-harafi. Fuska tana iya ruɗin mutum, amma wannan rubutun yana faɗin asali.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka tuna kunnen kirya, wannan mai faɗi da ke manne a gindin kirya kamar rabin akushi? Tun ina 'yar shekara shida, ina biye da kai a daji da gorar ruwa, kake gaya mini iri biyu ne. Akwai mai kunya, wanda ke tsayawa a bakin ɓawo bai taɓa zuciyar itacen ba, ana iya sare kiryar a yi turmi. Akwai marar kunya, wanda ya riga ya cinye ciki, duk wanda ya ɗora gatari ya yi wahalar banza. Ka ce da farce ake gane su tun suna ɗanyu: a karci ƙarƙashi, marar kunya ya yi baƙi nan take, mai kunya kuwa sai an yi Ƙulhuwallahu ƙafa uku.

Littattafanmu sun ce iri ɗaya ne, suna ɗaya. Na gaya maka haka shekara bakwai da suka wuce, kuma ka san inda na gaya maka, ba sai na maimaita ba.

To, akwai guda biyu da na tsinto tun ina karatu a Zariya, na taho da su. A ido da a madubi ba su da maraba. Amma da muka saka su a na'ura, rubutunsu ya sha bamban. Mordecai, mutumin Kagoro da ke kula da na'urorin ɗakin bincikenmu, ya ce wataƙila datti ne ya shiga. Mun sake har sau uku, amsa ba ta canza ba. Matsalar ita ce lokacin da na tsince su ban karce su ba, ban kuma duba cikin itacen ba, saboda a lokacin na fi ƙarfin irin wannan.

Kada ka soma washe baki, ban ce na yarda ba. Roƙo dai nake yi: ka sa a samo mini kowanne guda uku, ka ware su da hannunka, a busar. Baffa zai kai wa malamina na Zariya, shi ya san yadda ake yin takardun izini.

Ina kewarka, Kaka. A nan ma akwai itatuwa manya-manya, ana lallaɓa su kamar 'ya'yan gata, amma ba wanda ke ƙwanƙwasa su da ƙota ya saurara. Ni kaɗai nake yi, idan na duba ba mai kallona.

Ka gaida abokan sana'a. Ka huta lafiya.

Amaryarka,
Karimatu


Camberwell, Landan
14 ga Janairu

Zuwa ga Kaka, tsoho mai ran ƙarfe,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da kowa da kowa. Baffa ya ce tari ya dame ka, da fatan ya yi sauƙi. Ka sha maganin da aka ba ka, ka daina ɓoye shi a ƙarƙashin tabarma, labari ya zo mini.

Saƙo ya iso ranar Talata. Ina yanka zaren kwalin sai ƙamshin hayaƙin gidanmu ya buge ni. Hayaƙin itacen kirya ne, har da kunkunniyar madafi manne a jikin takardar. Kaka, ban san lokacin da na zauna na fashe da kuka ba, a gaban Mordecai da wata Baturiya. Wata goma sha shida rabona da gida, ina ta cika baki cewa na saba, ashe ƙarya nake. Mordecai ma ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya ce ɗakin kakarsa ya tuna.

Na gama kukan daɗi, sai na soma na takaici. Wa ya ce ka rataye su a kan murhu? Baffa ya ce sati biyu suka yi a hayaƙi, kusa da irin masara, kana tashi kana juya su da kanka don kada ƙwari su taɓa kayan amarya. Na san ƙauna ce ta sa. Amma zafi da hayaƙi sun dafa rubutun da nake nema. Sau huɗu muna gwadawa, na'ura ba ta karanta ko layi ɗaya ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Laifina ne. Na ce a busar, ban ce yaya ba. A wurin masassaƙi, abin da ake so ya daɗe hayaƙi ake ba shi, kuma na fi kowa sanin haka.

Na dai yi abin da zan iya da ido. Ƙulli biyun da ka ware, na jan zare da na baƙin zare, na jera su a tebur kwana biyar. Hudoji iri ɗaya, ƙurar iri girma ɗaya. Na karce su da farce har farcen ya karye, ba abin da ya sauya, don sun bushe. A nan ne wani abu ya faɗo mini. A wannan gari akwai ma'ajiya mai akwatuna dubbai, cike da irin waɗannan da aka kwaso daga ƙasashenmu tun kafin a haifi Baffa. Duk a bushe suka zo. Waɗanda suka rubuta littafin ba su taɓa ganin kunnen kirya ɗanye a jikin uwarsa ba. Ta yaya za su san yana yin baƙi?

Har yanzu dai ban ce na yarda ba, sai na ga hujja.

Sai mu jira damina. Na ba wata likita da za ta je Kano ƙunshin wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da gishiri, aikinsu shanye danshi. A yanka ɗan yanki kamar ƙwayar gyaɗa daga kowanne, a jefa cikinsu a rufe. Sauran a shanya a inuwa. Ba wuta, ba hayaƙi, ba toka.

Abu na ƙarshe, kuma a nan ba wasa nake ba. Baffa ya ce kiryoyin kusa duk masu gawayi sun gama da su, sai an nausa har bayan dutse, kuma hanyar ba ta da daɗi yanzu. Kada ka je da kanka. Ka aiki Abdul-Salam, ai shekara talatin yana sassaƙa a hannunka. Karatuna ba zai tsaya don wannan ba, ina da wasu abubuwan da zan rubuta. Amma ango ɗaya gare ni, kuma duk faɗin Landan ban ga wanda zai maye gurbinsa ba.

Wassalam.

Taka,
Karimatu


Camberwell, Landan
22 ga Agusta

Zuwa ga Kakana Malam Almu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa. Yaya jiki? Yaya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ban san da wanne zan fara ba, faɗa ko godiya. Bari in fara da faɗan don shi ne gajere. Na ce kada ka je, ka je. Baffa ya ce ka hau bayan babur ɗin Abdul-Salam tun da hantsi, ka ce idon almajirinka bai gama nuna ba, mutumin da ke da jikoki! Kuka kai la'asar a daji, ruwa ya dake ku, ka dawo ka kwanta sati uku. Ranar da na ji, na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na wuce tashata har guda huɗu ban sani ba. Da wani abu ya same ka saboda takardata, da wane ido zan kalli Rafin Kirya?

Sai kuma wayonka. Na ce ka ware mini su, ka ƙi. Ka aiko guda goma sha biyu a cakuɗe, kowanne da tsagar wuƙa, daga ɗaya har sha biyu. Ka sa Baffa ya rubuta wanne ne wanne, aka liƙe takardar aka kai wa liman ajiya, wai kada Malama Littafi-ya-ce, wato ni, ta leƙa amsa. Da na gaya wa shugabar bincikenmu, sai da ta cire tabarau ta share hawayen dariya. Ta ce haka ake yin gwaji na ƙwarai, ta kuma tambaya a wace jami'a ka yi karatu. Na ce mata a gindin kirya.

Wannan karon na'ura ta karanta duka. Suka rabu gida biyu, bakwai a nan, biyar a can, kuma tazarar ba ƙarama ba ce, ba ta wa da ƙane ba ce. Na tura wa Baffa lambobin ranar Litinin. Ya je wurin liman aka buɗe takarda. Ka riga ka sani, amma ina so in rubuta da hannuna: sha biyu cikin sha biyu. Ba ka kuskure ko ɗaya ba.

Kaka, kunnen kirya biyu ne. Kai ne da gaskiya.

Yanzu bari in faɗi abin da na kasa faɗa shekara takwas. Ranar Laraba ce, a rumfar masassaƙa, ban fi wata ɗaya da gama digiri ba. Wani ya zo neman shawara kan kiryar gonarsa, kana yi masa bayanin mai kunya da marar kunya, na tsoma baki. Na ce littafi ya ce iri ɗaya ne, wannan camfi ne na mutanen da. A gaban abokan sana'arka na faɗa, a gaban waɗanda ka koya wa riƙon gizago. Wasu suka yi dariya. Kai ma ka yi murmushi, ka ce to, Malama Littafi-ya-ce ta yi magana. Ba ka yi mini faɗa ba. Ka ci gaba da tsokanata kamar kullum, kana ajiye mini ɗinya da tsada. Amma tun daga ranar ba ka sake cewa in ɗauko gora mu tafi daji ba.

Na lura, Kaka. Duk hutun da na zo, ina jin ka da sassafe kana wasa gatari, in yi lamo a ɗaki ina jira ka kira sunana, har in ji ƙarar ƙyaure. Girman kai ya hana ni fitowa. Wannan abin shi ya biyo ni har Landan, kuma ya fi sanyin garin damuna. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ni har jirgin sama na hau.

Ka yafe mini.

Sunan da ke littafi na marar kunya ne, mun tabbatar. Mai kunya ba shi da suna a duniyar masana, kuma ƙa'ida ta ba wanda ya bayyana shi damar raɗa masa. Ana sa sunan dangi a gaba, sabon suna a baya, da harshen Latin. Na rubuta almui, ma'ana na Almu. A bayanin yadda ake gane shi kuwa na sa karcen farce, na auna da agogo, Ƙulhuwallahu ƙafa uku ta kama kusan daƙiƙa ashirin.

Baffa, wannan sashen naka ne. Don Allah kada ka karanta masa takardar nan a ɗaki. Idan ya ji ƙarfi, ka kai shi rumfar masassaƙa ranar Laraba, lokacin da kasuwa ta cika, ka ɗaga murya yadda kowa zai ji, kada ka tsallake ko layi ɗaya. A can na yi ɓarnar.

Jikarka mai neman gafara,
Karimatu


Camberwell, Landan
18 ga Satumba

Zuwa ga angona,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na ji an ce ka soma taka ƙafa har masallaci, alhamdu lillahi. A gaida Baffa, a yi masa sannu da maƙogwaro.

Sati uku na yi ina jira. Laraba ta farko aka ce ruwa ya hana kasuwa, ta biyu aka ce gwiwa. Na soma cewa a raina ko dai ba ka so ne. Abinci ma ba ya shiga, har Fusena, 'yar Kumasi da muke zaune gida ɗaya, ta ce idan ban ci ba za ta kira mini likita.

Jiya Baffa ya ba ni labari tiryan-tiryan. Ya ce rumfa ta cika har masu kayan miya sun baro tirensu. Ya ce sau biyu ka sa ya maimaita wurin sha biyu cikin sha biyu, wai kunnenka bai ji ba, alhali kowa ya san ka ji. Ya ce da ya zo wurin neman gafara ka sunkuyar da kai kana ta gyara bakin gizagon da ba abin da ya same shi, ka daɗe ba ka ɗago ba.

Na ji saƙonka game da suna. Wai me za ka yi da suna a jikin laimar kwaɗi, da turmi ne da sauƙi. Ka makara, tsoho, takardar binciken ta riga ta tafi wurin masana masu dubawa. Idan ta dawo kuma zan ƙara abin da ka ce, cewa daga mahaifinka ka koya, shi ma daga nasa.

Amma saƙo na biyu shi ya hana ni zama. Baffa ya ce da jama'a suka watse ka jawo hannunsa ka ce a gaya wa Malama ta daina murna, ita da na'urarta, don ba biyu ba ne, uku ne. Na ukun ba ya fitowa sai da ruwan farko, a kiryar da tsawa ta taɓa, kwana kaɗan ya lalace. Ba a aiko shi a kwali, ba a kuma kwatanta shi a takarda. Wanda ke so ya gani, ya ɗauko gora.

Kaka, shekara takwas nake jiran wannan kalma. Na sa Baffa ya faɗa sau uku, ni da kunnena ke lafiya.

Yau da safe, kafin in je ɗakin bincike, na yanki tikiti. Zan sauka Kano ranar biyu ga Mayu in Allah ya yarda, washegari ina Rafin Kirya. Shugabarmu ta ce in tafi da duk abin da nake buƙata. Na ce mata farce kawai ake buƙata, kuma na soma tara nawa.

Wata bakwai da rabi ne. Na ƙirga a kalanda, na sake ƙirgawa, bai ragu ba. Na san shekarunka, na san gwiwarka, kuma ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Don haka ga sharuɗɗan amarya: ka sha magani, ka bar hawa babur, ka bar wa Abdul-Salam manyan turame. Idan hadari ya riga ni haɗuwa, ka ce masa ya dakata.

Tsohuwar gorar nan mai igiyar fata, wadda ke rataye bayan ƙyauren ɗakinka, na gan ta duk zuwan da na yi, na san kuma ba ka bari kowa ya taɓa ta ba. A sauke ta a wanke.

Ka jira ni, Kaka. Ko ba ka kira ba, wannan karon zan fito.

Amaryarka,
Karimatu